Einstein: Saurayin Da Ya Rasa Aiki, Ya Gano Sarari Na Lanƙwasa

Ka sha ganin hotonsa a Facebook da gashi buzu-buzu, an liƙa masa maganganun da bai taɓa faɗa ba. To amma ka san abin da ya gano kuwa?

An haifi Albert Einstein a garin Ulm na ƙasar Jamus ranar 14 ga Maris, 1879. Labarin nan da ake yaɗawa wai ya faɗi lissafi ƙarya ne, tun yana yaro gwani ne a fannin. Da ya gama karatu a Zurich a 1900, sai da ya yi kusan shekara biyu bai samu aikin kirki ba, kafin a ɗauke shi ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a Bern. Kai mai digiri a aljihu, kar ka karaya.

A 1915 ya fito da sabon bayani kan ƙarfin da ke jawo abubuwa ƙasa. Ku kama zane ku miƙar, ku ɗora kankana a tsakiya, zai lotsa. Ka mirgina lemo, zai gangara wajenta. Haka rana ke lanƙwasa sarari da lokaci, duniyarmu kuma ta bi lanƙwasar. Lissafin ya ba shi wuya, sai da abokinsa Marcel Grossmann ya taimaka masa.

Hujjar kuwa daga maƙwabtanmu ta fito. Ranar 29 ga Mayu, 1919, Arthur Eddington ya ɗauki hoton husufin rana a tsibirin Principe, kudu da gaɓar tekun Najeriya, wata tawaga kuma a Brazil. Aka ga hasken taurari ya karkata a gefen rana, kamar yadda Einstein ya lissafa. Irin wannan husufi ne ya rufe Katsina a Maris na 2006, tambayi yayyenka.

Yau idan Google Maps ta nuna maka hanya daga Kankiya zuwa Kusada, sai an gyara agogon taurarin GPS da lissafinsa, in ba haka ba ta ɓatar da kai.

Ya bar Jamus saboda Hitler, ya zauna a Princeton ta Amurka daga 1933. Shekara kusan talatin yana neman ƙa'ida ɗaya da za ta haɗa ƙarfafan halitta, har ya rasu a 18 ga Afrilu, 1955 bai samu ba.

Daga baya aka zo da nazariyyar tsirkiya: wai komai daga ƙananan zaruruwa masu kaɗawa yake, kamar tsirkiyar goge, kowane kaɗi da irin ƙwayar da yake bayarwa. A 1974 Scherk da Schwarz suka nuna ɗaya daga cikin kaɗin nan shi ne ƙarfin jawowa. Har yau babu gwajin da ya tabbatar da ita.

Aikin bai ƙare ba ke nan. In ƙaninka ko ƙanwarka na gudun ajin lissafi, ba su wannan labari.