Beatrix Potter

Helen Beatrix Potter (28 ga Yuli, 1866 – 22 ga Disamba, 1943) marubuciya ce 'yar ƙasar Ingila, mai zane, kuma manomiya. An fi saninta da ƙananan littattafan yara masu hotuna waɗanda dabbobi ne taurarinsu, musamman The Tale of Peter Rabbit, labarin wani ɗan zomo mai taurin kai. Littattafanta na wannan jeri 23 ne, kuma ita ta rubuta su, ita ta zana hotunansu.

Farkon rayuwa

An haife ta a unguwar Kensington da ke Landan, a gidan masu hali waɗanda dukiyarsu ta samo asali daga masaƙun auduga na yankin Manchester. Ba a sa ta a makaranta ba, malamai mata ne suka koyar da ita a gida. Ita da ƙanenta Bertram sun cika ɗakin karatunsu da zomaye, ɓeraye, bushiya da jemagu, suna lura da su suna zana su. Da bazara iyalin kan tafi hutu Scotland, daga 1882 kuma suka fara zuwa yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila.

Tun tana kimanin shekara 15 har ta kai 30 tana rubuta littafin sirri da wasu baƙaƙe da ta ƙirƙira, kowace alama a madadin harafi ɗaya. Ba wanda ya iya karanta shi sai a 1958, lokacin da Leslie Linder ya warware tsarin.

Binciken naman kaza

Kafin ta shahara, hankalinta ya fi karkata ga kimiyya. Ta zana ɗaruruwan nau'o'in naman kaza da laimar kwaɗi, ta kuma rubuta takarda kan yadda ƙwayoyin haihuwarsu ke tsirowa. An gabatar da takardar a gaban ƙungiyar Linnean ta Landan a 1897, amma namiji ne ya miƙa ta, domin a lokacin ba a barin mata su halarci zaman ƙungiyar. Ba a buga ta ba. Bayan shekara 100, a 1997, ƙungiyar ta ba da haƙuri kan yadda aka yi mata.

Littattafai

A watan Satumba na 1893 ta aika wa Noel Moore, ɗan tsohuwar malamarta mai shekara biyar da ke kwance ba lafiya, wasiƙa mai hotuna game da zomaye huɗu. Daga baya ta aro wasiƙar ta faɗaɗa ta. Kamfanoni da dama sun ƙi karɓa, sai ta buga kwafi 250 da kuɗinta a Disamba 1901. A Oktoba 1902 kamfanin Frederick Warne ya fitar da shi da hotuna masu launi. Ta dage a yi littafin ƙarami yadda zai zauna a hannun yaro, kuma a sayar da shi da araha.

Abin da ya bambanta aikinta shi ne dabbobinta ba mutane ba ne da aka lulluɓe da fatar dabba. Ko da ta sa wa zomo riga shuɗiya, ƙirar jikinsa da tsallensa na zomo ne, saboda ta san ƙasusuwan dabbar. Haɗarin ma na gaske ne: tun a shafukan farko ana gaya wa yaro cewa an kama uban Peter a lambun nan an dafa shi. Ba ta yi wa yara sassauci a harshe ba. Jimlolinta gajeru ne, amma takan jefa kalma mai wuya ta bar hoto da mahallin zance su fassara ta. Tun a shekarun 1890 ta zana hotunan labaran Brer Rabbit na Joel Chandler Harris, tatsuniyoyin zomo mai wayo waɗanda asalinsu bayi ne suka kai su Amurka daga Afirka.

Bayan zomo sai kurege Nutkin a 1903, bushiya mai wanki Mrs. Tiggy-Winkle a 1905, da agwagwa Jemima a 1908. A 1903 ta yi rajistar 'yar tsanar Peter da sunanta, amma a Amurka kamfanin bai yi rajistar haƙƙin mallakar littafin ba, aka yi ta buga shi ba tare da biyanta ko sisi ba.

A 1933 marubuci Graham Greene ya yi sharhi a kan littattafanta kamar yadda ake wa adabin manya, ya yi hasashen cewa wani ƙuncin zuciya ne ya sa labaranta na baya suka yi duhu. Ta mayar masa da martani cewa mura ce kawai ta yi fama da ita lokacin rubuta labarin Mr. Tod, kuma ba ta yarda da irin wannan fassara ba.

Aure da noma

A 1905 editanta Norman Warne ya nemi aurenta. Iyayenta ba su so ba, suna ganin ɗan kasuwa bai kai darajarsu ba. Ta amince duk da haka, amma bayan wata ɗaya ya rasu yana da shekara 37. A wannan shekarar ta sayi gonar Hill Top a ƙauyen Near Sawrey. A 1913, tana da shekara 47, ta auri lauya William Heelis. Daga nan rubutu ya ragu, idonta ya fara rauni, ta duƙufa ga kiwon tumakin Herdwick, irin da ke jure sanyin duwatsun yankin, har tana cin kyaututtuka a bukukuwan nunin dabbobi. Ta riƙa sayen gonaki don kada a yayyanka su a yi gine-gine.

Rasuwa

Ta rasu a Near Sawrey sakamakon ciwon huhu da na zuciya, tana da shekara 77. Ba ta haihu ba. Ta bar wa hukumar National Trust fili fiye da eka 4,000 tare da gonaki da garkunan tumakinta. An buɗe gidan Hill Top ga masu ziyara a 1946, kuma a 2006 aka yi fim ɗin Miss Potter a kan rayuwarta.