Abogadro, malamin da aka gane bayan mutuwarsa

An haifi Amediyo Abogadro a birnin Turin na ƙasar Italiya, ran 9 ga Agusta 1776. Ubansa alƙali ne, shi ma ya karanci shari'a. Amma zuciyarsa tana wajen lissafi da kimiyya. Sai ya bar aikin lauya. A 1809 ya zama malamin makaranta a garin Barceli.

A lokacin nan wani Bafaranshe mai suna Ge-Lusak ya lura da wani abu. In an haɗa lita 2 ta iskar idirojen da lita 1 ta iskar okisijen aka ƙona, tururin ruwa lita 2 ake samu, ba lita 3 ba. Abin ya ɗaure wa masana kai.

A 1811 Abogadro ya kawo amsa. Kowane gas ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. In zafi ɗaya ne, matsi kuma ɗaya, lita guda ta kowane gas tana da yawan ƙwayoyi iri ɗaya. Ƙwayar okisijen tagwaye ce. Tana rabuwa biyu, kowane rabi ya shiga ƙwayar ruwa guda. Shi ya sa lita 1 ta okisijen take ba da tururi lita 2.

Masana ba su kula da maganarsa ba. Bai yi fushi ba, ya ci gaba da koyarwa a jami'ar Turin. Ya rasu ran 9 ga Yuli 1856. Sai a 1860, a taron masana a Karlsruhe ta Jamus, ɗan ƙasarsu Kanizaro ya nuna wa kowa gaskiyarsa.

Yau da dokarsa ake lissafin yawan gas tun kafin a kunna wuta. Ga misali. Ana gasa dutsen farar ƙasa don yin siminti, kamar a Malbaza. Giram 100 na tsantsar dutsen yana fitar da gas karbonik giram 44. A zafin digiri 0 da matsin iska na bakin teku, wannan gas yana cika lita 22,4.

Tambayoyi
1. Wane aiki Abogadro ya bari?
2. Shekara nawa bayan rasuwarsa aka yarda da shi?
3. In an gasa giram 300 na dutsen, gas lita nawa zai fita?