Sardauna da Muryar da Ya Bar wa Arewa

An haifi Alhaji Sir Ahmadu Bello a garin Rabah na ƙasar Sakkwato a 1910, cikin zuriyar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Ya kammala Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Makarantar Midil ta Sakkwato, ya riƙe hakimcin Rabah, sannan aka naɗa shi Sardauna a 1938. A 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa.

Ƙasar da ya karɓa faɗi gare ta, masu karatun boko kuwa ƙalilan ne. Jarida ba ta isa ga manomin Gashuwa ko makiyayin Kumagannam, can bayan Nguru inda layin dogo ya tuƙe. Wanda ta isa gare shi ma sai ya nemi mai karanta masa. Rediyo kuwa kunne kawai yake bukata. Ga shi Yamma ta buɗe talabijin a Ibadan tun 1959, Gabas ta bi sahu a 1960. Don haka a watan Maris na 1962 gwamnatinsa ta buɗe kamfanin watsa labarai na Arewa, BCNN, a Kaduna, da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila.

Cikin ƙanƙanen lokaci Rediyon Kaduna ya zama dandalin Arewa. Ta gajeren zango yake ratsa ƙauyuka har ƙetaren iyaka, yana kai labarai, wa'azi, shawarwarin noma da waƙoƙin makaɗa irin su Mamman Shata.

Sardauna bai kai ga cika shekara huɗu da tashar ba, domin an kashe shi a Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966. Shekara guda bayan haka aka rarraba Arewa jihohi. A 1977 talabijin ta koma ƙarƙashin NTA, a 1978 rediyon ya shiga FRCN. Dokar 1992 ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu, masu sauraro suka watsu zuwa FM, daga baya zuwa wayar hannu, yayin da na'urori suka tsufa, kuɗin gudanarwa ya yi ƙaranci.

Yau amanar tana hannun Gwamnatin Tarayya. Talakan da aka gina tashar dominsa yana nan a bakin iyaka da rediyonsa, kuma kasafin da ake tsarawa a Abuja ne zai yanke ko muryar za ta ci gaba da isa gare shi.