Andrew Foster, kurman da ya buɗe wa kuramen Afirka ƙofar makaranta

Da zarar iskar hunturu ta ja baya, zafi ya fara kankama, iyaye a Kelle da sauran garuruwan gundumar Gure sun san cutar da ake fargaba: sanƙarau. Wanda ta bari da rai, sau da yawa takan tafi da jinsa. Wannan cuta ce ta kurmantar da Andrew Jackson Foster, baƙar fatar Amurka da kuramen ƙasashenmu ke ɗauka a matsayin uban iliminsu, ko da yake da wuya ka ji sunansa a bakin masu ji.

An haife shi ranar 27 ga Yunin 1925 a Ensley, wata unguwar ma'aikata a birnin Birmingham na jihar Alabama, mahaifinsa kuwa mai haƙar kwal ne. Yana da shekara 11 sanƙarau ta kama shi tare da ɗan'uwansa, dukansu biyu suka tashi ba sa ji. A kudancin Amurka na wancan zamani wariyar launin fata doka ce, har tsakanin kurame: farare da makarantarsu, baƙaƙe da tasu. Ta baƙaƙen da ke garin Talladega ita ya shiga, amma karatunta bai da nisa. Da ya zama saurayi sai ya koma Detroit, yana aikin ƙarfi yana neman ilimi ta hanyar darussan dare da na wasiƙa.

A 1951 ya samu shiga kwalejin Gallaudet da ke Washington, babbar makarantar kurame da aka kafa tun 1864. Ya gama a 1954, ya zama baƙar fata na farko da ya fito daga cikinta da digirin farko. Shekara 90 ke nan da kafa ta. Ya ƙara da digiri na biyu har guda biyu, ɗaya kan ilimi a Michigan, ɗaya kan aikin mishan a Seattle.

Burinsa Afirka ne. Ƙungiyoyin mishan da ya tunkara ba su karɓe shi ba, don haka a 1956 ya kafa tasa a Detroit domin kuramen Afirka, ya shiga yawon neman taimako. Makarantun kurame a nahiyar lokacin ba su wuce goma sha biyu ba, kuma kusan duk suna arewacin Afirka ko Afirka ta Kudu.

Ya sauka Gana a 1957, shekarar da ta samu 'yancin kai. A unguwar Osu ta birnin Akra ya fara, cikin ajin aro na wata makarantar coci, sai masu ajin sun tashi kurame su shiga. Daga baya makarantar ta koma Mampong-Akwapim. A 1960 ya buɗe ta Ibadan, sannan Kaduna da Enugu suka biyo. A Najeriya ne ya auri Berta, Bajamushiya wadda ita ma kurma ce, a 1961. Suka haifi 'ya'ya biyar, suka kuma yi aikin tare.

Abin da ya bambanta shi da malaman zamaninsa shi ne hanyar koyarwa. Tun taron Milan na 1880 masana ilimin kurame a Turai suka yanke cewa a ajiye maganar hannu, a tilasta wa yaro karanta leɓe da furta sauti. Shekaru da dama yara na ɓata ƙuruciyarsu wajen kwaikwayon muryar da ba su taɓa ji ba. Foster ya bi ta wata hanya: hannu, rubutu, harrufan yatsu, duk abin da zai kai ma'ana ga yaro. Kuma bai riƙe aikin a hannunsa shi kaɗai ba. Ya horar da kurame su zama malamai, ya tura wasu Gallaudet, irin su Seth Tetteh-Ocloo na Gana da Gabriel Adepoju na Najeriya.

A shekarun 1970 ya juya ga ƙasashe masu amfani da Faransanci: Kwaddibuwa, Togo, Cadi, Senegal, Benin, Kamaru, har zuwa Zayar da Burkina Faso. Cibiyarsa ta Ibadan ta riƙa karɓar matasa daga waɗannan ƙasashe, su koyi aiki su koma gida su buɗe aji. Jimilla ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13. Nan aka samu abin mamaki: ƙasashen da Faransa ta raina ba maganar hannun Faransa suka gada ba, ta Amurka ce aka ɗora a kan kalmomin Faransanci. Ita ce tushen wadda ake koyarwa a makarantun kurame na Yamai, Maraɗi da Damagaram.

Ba za a rasa abin cewa a kan aikin nasa ba. Mai wa'azin Kirista ne, bai taɓa ɓoyewa ba, kuma makaranta da coci tare suke tafiya a wurinsa; wannan ya isa ya sa iyaye Musulmi su yi ɗari-ɗari. Sannan kuramen ƙasar Hausa ba su jira wani ya kawo musu harshe ba. Suna da maganar hannu tasu ta gado, wadda masaniyar harshe Constanze Schmaling ta yi nazari a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000. Inda yaren makaranta ya shiga, na gida yakan koma kamar na marasa ilimi, har ɗalibi ya dawo hutu ya ga shi da dattijon kurman garinsu ba sa fahimtar juna sosai. Hasara ce ta gaske. Sai dai wanda zai ɗora wa Foster laifin, ya fara tambayar abin da gwamnatocin mulkin mallaka da na bayan 'yanci suka tanadar wa yaro kurma kafin zuwansa.

Tambayar ba ta tsufa ba. Daga Gure zuwa Damagaram kusan kilomita 160 ne, Kelle kuma tana gaba, can wajen duwatsun Kutus. Iyalin da sanƙarau ta taɓa ɗansu sai sun samu mai riƙon yaro a birni da kuɗin mota kafin a yi zancen aji. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a Nijar a 2010 ya karya lagon nau'in A na cutar, amma wasu nau'o'in sun sake ɓulla a jihar Damagaram a 2022 da 2023.

Gallaudet ta ba Foster digirin girmamawa a 1970. Ranar 3 ga Disamban 1987 ya hau wani ƙaramin jirgin sama mai zuwa Kenya, jirgin ya faɗi a Ruwanda, ba wanda ya tsira. Yana da shekara 62. A 2004 jami'ar ta sa sunansa a wani babban ɗakin taronta.