Adamu Halilu: Daraktan da fim ɗinsa ya ɓata, aka gano shi bayan shekara 40

Idan kana cikin masu ƙirga kwanaki kafin a saki sabon zangon Labarina, ko kina cikin waɗanda ba a yi musu magana idan lokacin Daɗin Kowa ya yi a Arewa24, to shafin wannan makon naku ne. Daga Kakuri zuwa Barnawa, daga Makera zuwa Unguwar Television, hirar matasa a majalisa da shagon cajin waya ba ta cika wuce wane fim za a saki da Sallah ba, da wa zai fito a ciki, da yaushe za a ɗora tallarsa a YouTube. A ɗaga shiri da mako guda kawai, sai ka ji ƙorafi ko'ina. To, akwai fim ɗin Hausa da ya ɓace wa masu kallo har aka fitar da rai da shi. Sunan wanda ya shirya shi Adamu Halilu, kuma ya kamata ka san shi.

An haife shi a 1936 a Garkiɗa, cikin Jihar Adamawa ta yanzu. Ya taso a zamanin da kallon fim a Arewa yake nufin majigi. Ka tambayi kakanka, zai ba ka labari. Motar gwamnati ce ke shigowa gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a fili, a tayar da inji, mai sharhi ya riƙe lasifika yana yi wa jama'a bayani. Babu talla, babu ranar fita. Ganin ƙurar motar shi ne sanarwa. Yawancin fina-finan na wayar da kai ne, irin su Baban Larai da ya ƙarfafa wa manoma gwiwar noman auduga, audugar da masaƙun Kakuri suka dogara da ita tun buɗe ta farko a 1957.

Cikin wannan aiki Halilu ya shiga, a ƙarƙashin gwamnatin Jihar Arewa mai hedkwata a nan Kaduna. Ya yi karatun rubuta labarin fim da tace hoto a Turai, ya dawo ya yi shekaru yana shirya gajerun fina-finan faɗakarwa masu yawa. Wanda aka fi tunawa shi ne Mama Learns a Lesson na 1963, kan kiwon lafiyar iyali. Ka lura da wannan: kafin ya taɓa babban fim, sai da ya daɗe yana koyon hannu a kan ƙanana. Ba dare ɗaya ya zama darakta ba.

A 1976 ya fitar da aikin da ya ɗaga sunansa, wato Shaihu Umar, daga littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta tun yana malamin makaranta, kafin ya zama Firaminista. Idan ba ka karanta ba, ga shi a taƙaice. Wani babban malami ne yake ba ɗalibansa tarihin rayuwarsa: yadda aka raba shi da mahaifiyarsa yana yaro a zamanin cinikin bayi, yadda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya riƙe shi kamar ɗa, ya ƙetare Sahara da shi, ya sa shi karatu, da yadda uwar ta bar gida tana nemansa har ita ma ta faɗa hannun masu bautarwa. Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihun. Fim ne na sama da awa biyu, da Hausa zalla, ga dawaki, ga raƙuma, ga ayari. Kuma a kan faifan silima aka ɗauke shi, wanda sai an wanke kafin ka ga abin da ka ɗauka. Babu maganar ka duba waya ka goge ka sake.

An nuna shi a bikin FESTAC na 1977, bikin da aka yi a Legas amma aka kawo hawan dabarsa Kaduna. Ka lissafa da kanka: shekara 13 ke nan kafin Turmin Danya na 1990, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin fina-finan bidiyo na Kano. Bayansa Halilu ya yi Kanta of Kebbi a 1978 da Moment of Truth a 1981, ya kuma shugabanci Hukumar Fina-finai ta Najeriya a farkon kafuwarta. Ya rasu a 2001.

Abin takaicin shi ne, ko kafin rasuwarsa Shaihu Umar ya riga ya zama labari. Malamai na ambatonsa a jami'a, ɗalibai na rubuta sunansa a jarrabawa, amma ba mai iya nuna maka shi. Faifan silima ba ya son zafi, ba ya son laima. Idan ba a kula da shi ba, lalacewa yake yi a cikin gwangwaninsa. Sai a 2016 aka gano faya-fayan a ma'ajiyar hukumar fina-finan. Cibiyar Arsenal da ke Jamus ta gyara su, aka mayar da fim ɗin na'ura mai ƙwaƙwalwa, aka haska shi a bikin fina-finai na birnin Berlin a watan Fabrairun 2018. Mai shi bai ga wannan rana ba, domin shekara 17 ke nan da barinsa duniya.

Yanzu ka dubi namu. Kaset-kaset nawa na fina-finan Kano na shekarun 1990 za ka iya samu da hoto mai kyau a yau? Wasannin kwaikwayon da gidan talabijin na Kaduna ya riƙa nunawa, irin su Karambana na marigayi Kasimu Yero, waɗanda iyayenka suke taruwa gidan maƙwabci don kallo, guda nawa ka taɓa gani cikakku? Muna ɗokin na gobe, na jiya kuma yana ruɓewa.

Saboda haka, kai mai ɗaukar gajerun wasanni da waya, ke mai rubuta labari kina burin wata rana a haska shi, ku ɗauki abu biyu daga rayuwar wannan bawan Allah. Ku fara da ƙaramin aiki ku iya shi sosai. Sannan duk abin da kuka yi, ku adana asalinsa a wuri fiye da ɗaya, ku rubuta kwanan wata da sunayen waɗanda suka yi aikin. Waya tana faɗuwa, shafi yana rufuwa, kuma ba kowane fim ne zai yi sa'ar da Shaihu Umar ya yi ba.

Allah ya jiƙan Adamu Halilu.