ARMI RATIA, MATAR DA TA CIKA FINLAN DA LAUNI

Finlan ƙasa ce da ke can arewacin Turai, inda sanyi yake da tsanani, rana kuma ba ta daɗewa a sama lokacin hunturu. A nan ne aka yi wata mata mai suna Armi Ratia, wadda ta kafa kamfanin Marimekko, mai buga yadi da manyan zayyana masu launi. Abin mamaki shi ne, ba ita ce ta zana adon da ya sa kamfanin ya shahara ba. To, me ya sa har yau ake tunawa da ita?

An haifi Armi ran 13 ga Yuli, 1912, a yankin Kareliya. Mahaifinta mai kanti ne, mahaifiyarta kuma malamar makaranta. Ta koyi zayyanar yadi a Helsinki, babban birnin ƙasar, ta gama a 1935. Ta auri wani mutum mai suna Viljo Ratia, ta buɗe masaƙa a garin Viipuri. Ana nan ana nan, a 1939 yaƙi ya ɓarke tsakanin Finlan da Tarayyar Sobiyet. Viipuri ya faɗa hannun Sobiyet, mutane wajen 400,000 suka bar gidajensu a Kareliya. Armi ta rasa masaƙarta, ta koma Helsinki ta kama aiki a wani kamfanin talla.

Bayan yaƙi ƙasar ta shiga matsi ƙwarai. Kaya sun yi ƙaranci, ga diyyar yaƙi da aka yi ta biyan Sobiyet har 1952. A 1949 mijinta ya sayi wata ƙaramar masana'anta mai suna Printex, inda ake yin shimfiɗar tebur irin wadda ruwa ba ya ratsawa. Armi ta ga cewa ana iya buga yadin auduga a wurin. Maimakon ta kwaikwayi ƙananan furannin da aka saba gani a yadin Turai, sai ta nemo matasa masu zane, yawancinsu mata, ta ce kowa ya zana abin da ya ga dama, ya yi shi da girma. Ɗaya daga cikinsu ita ce Maija Isola. Da hannu ake buga adon: a shimfiɗa yadi a kan dogon tebur, a ɗora wani abu mai kama da rariya, a shafa rini ta cikinsa, kowane launi da tasa rariyar.

Amma fa ciniki bai kankama ba. Mutane su zo su yaba, su tafi ba su saya ba, don ba su san abin da za su ɗinka da irin wannan yadi ba. Kamfani kuwa ba ya rayuwa da yabo. Nan ilmin tallan da Armi ta samu ya yi rana. A watan Mayu na 1951 ta sa wata gwanar ɗinki, Riitta Immonen, ta ɗinka riguna da yadin, aka yi nuninsu a Helsinki. Nan take mata suka yi rububin saye. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi wa Marimekko rajista. Ma'anar sunan a harshensu ita ce rigar Mari.

Ra'ayin Armi mai sauƙi ne. A ganinta adon yadi shi ne gaba, ɗinki yana biye. Saboda haka ba a yayyanka yadi har a ɓata zayyanar, kuma riga ba ta matse mace har ta kasa aiki ko gudu. A lokacin kuwa rigunan da ake yayi daga Faransa masu ɗaure ƙugu ne tamau. A 1956 Vuokko Nurmesniemi ta zana wata taguwa mai ratsi-ratsi, Jokapoika, wadda maza da mata suka riƙa sawa. A 1960 Jacqueline Kennedy, wadda mijinta yake takarar shugabancin Amurka a shekarar, ta sayi rigunan Marimekko bakwai. Da hotonta ya fito sanye da ɗaya, sai sunan kamfanin ya zaga duniya.

Labarin da ya fi nuna halin Armi ya faru ne a 1964. Ta sanar cewa kamfaninta ba zai buga hoton fure ba, don a ganinta fure ya fi kyau a daji. Maija Isola ba ta yarda ba. Ta koma ta zana manyan furanni ja da ruwan hoda, ta sa musu suna Unikko. Wata shugabar da ta kore ta don ta saɓa umarni. Armi kuwa da ta ga aikin, sai ta janye maganarta ta karɓa. Unikko ya zama adon da aka fi sanin Marimekko da shi.

Ba a ce Armi ba ta da aibu ba. Ta fi gwaninta wajen sabon tunani a kan lissafin kuɗi, har kamfanin ya shiga wahalar kuɗi a ƙarshen shekarun 1960, sai da aka rage ma'aikata. Daga baya ya farfaɗo, aka buɗe sabuwar masana'antar buga yadi a unguwar Herttoniemi ta Helsinki a 1973. Armi ta rasu ran 3 ga Oktoba, 1979, tana da shekara 67.

'Yan'uwana ɗalibai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Armi ta san abin da take so, amma ta san cewa wani na ƙasa da ita yana iya hango abin da ita ba ta hango ba. Da ta tsaya kan bakanta a 1964, da furen Maija bai taɓa hawa yadi ba.