BABBAN GWANI MIKA'ILU, MAGININ MASALLACIN ZAZZAU

 A wannan fitowa za mu kawo taƙaitaccen tarihin wani bawan Allah da ya yi wa addini hidima da ƙasa da azara, wato Malam Mika'ilu, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu, aka kuma fi saninsa da laƙabin Babban Gwani.

Ya rayu a birnin Zariya a ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, lokacin da sarakunan Musulunci suka himmatu ga gina masallatan Juma'a. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, aka ɗora masa aikin babban masallacin birnin. Ya gina shi da ɗakin salla, da zaurukan shiga inda ake alwala, da zauren shari'a. Mutanen Zazzau suna ba da labarin cewa da dare yake aikinsa. Ana kuma jingina masa Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, wanda aka gina wajen 1860. Har yau akwai unguwa a Zariya mai ɗauke da sunansa.

Gwanintarsa tana cikin sanin yadda nauyi yake sauka. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cinta da sauƙi, amma idan aka shimfiɗa ta fiye da kamar mita 2 aka aza mata ƙasa, sai ta lanƙwashe. To, yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki sahu-sahun masallata? Sai a dasa azara cikin ginshiƙi, a ɗaure wata a kanta ta ɗan zarce, wata kuma ta zarce waccan, daga wannan gefe da wancan, har su haɗu a tsakiya, sa'an nan a lulluɓe su da ƙasa su zama baka. A kan bakunan ake ɗora tuluwa. Nauyin rufi yana bin baka zuwa ginshiƙi, ginshiƙi ya miƙa shi ga harsashi. Ba shi ya ƙago wannan dabara ba, gadon maginan Hausa ce, irin wadda muke gani a fadar Sarkin Damagaram da tsofaffin gidajen Birni. Sai dai shi ya kai ta matuƙa. Irin wannan lissafi ne ɗaliban injiniyan gini suke zurfafawa a digiri na biyu a jami'o'i, da alƙalami da kwamfuta.

Sai dai ginin ƙasa amana ne da ke neman kulawa kowace shekara: a sabunta yaɓe da makuba, a gyara indararo kafin damina, a toshe tsaga tun tana ƙarama. A ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na masallacin Zariya ya rufta a kan jama'a ana sallar la'asar, mutane da dama suka rasu, Allah Ya jiƙansu. A watan Satumba 2024 kuma, ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacinmu na Birni, a nan Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin masallatai da kada su ga tsaga a bango su yi shiru, domin kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Muna kira ga iyaye su ƙarfafa wa ƴaƴansu neman ilmin gini har su ƙware, domin malamai sun lissafa sana'o'in da al'umma ba ta wadatuwa daga gare su cikin farillan kifaya. Wanda Allah Ya ba wannan karatu kuwa, ya zauna gaban tsofaffin maginanmu tun suna raye, ya rubuta abin da suka sani.

Allah Ya gafarta wa Babban Gwani, Ya saka masa da gida a Aljanna, Ya tsare mana masallatanmu da masu salla a cikinsu. Amin.